Nauyin Yatsa: Lacca Kan Daidaita Bugun Fiyano a Kwamfuta

Iyayena da ke zaune a gaba, malamai, ƴan'uwana makaɗa da mawaƙa na nan Dungas, da ƙannena da suka taso tun da sassafe daga Dogo-Dogo da Malawa, har da waɗanda suka hawo babur daga Magarya, barkanmu da warhaka. Dattawa ku yi mini haƙuri, zancen yau na ƴan sutudiyo ne, amma akwai wurin da zan nemi shaidarku, don kunnenku ya riga namu jin kiɗa.

Duk wanda ya taɓa zama gaban fiyano ya ɗauki kiɗa ya san abin da zan faɗa. Kana bugawa kana jin daɗi, har kana kaɗa kai. Ka gama, ka mayar baya ka saurara. Sai ka ji wani sauti ya yi tsalle ya mare ka a kunne, na kusa da shi kuma ya nutse kamar an jefa tsakuwa a rijiya. Ka ƙara murya, mai ƙarar ya fasa lasifika. Ka rage, mai rauni ya ɓace. Mawaƙi na tsaye yana jira, janareta na shan mai. A nan ne yawancinmu ke yin abu ɗaya: mu zaɓe bugun gaba ɗaya, mu ja su su tsaya a kai ɗaya kamar an yi musu aski, mu ce an gyara. Ni ma na yi shekaru ina yin haka. Abin da ya kawo ni yau shi ne in nuna muku cewa tsakanin daidaitawa da bajewa akwai tafiya mai nisa.

Mu fara da sunan abin. A wajajen shekarar 1700 wani maƙerin kayan kiɗa a birnin Fulorans na Italiya, Bartolomeo Cristofori, ya ƙera na'urar da in ka taɓa ta a hankali za ta yi magana a hankali, in ka danna da ƙarfi ta ɗaga murya. Na'urori masu maɓallai da aka fi amfani da su kafin ita ba su da wannan. Ko ka lallaɓa ko ka doka, amsar kusan ɗaya ce. Sai aka yi mata suna da kalmomi biyu na Italiyanci masu nufin “a hankali” da “da ƙarfi”. Rabin farko na sunan ne ya biyo duniya har ya iso bakinmu ya zama fiyano. Wato bambancin ƙarfin bugu, wanda muke share shi da danna linzami sau biyu, shi ne dalilin ƙera kayan tun asali.

Fiyanon da muke da ita, Yamaha PSR da ƴan'uwanta, ba ta da tsirkiya a ciki. Lissafi ne. A shekarar 1983 kamfanonin kayan kiɗa suka amince da wani yare guda da injuna za su riƙa magana da juna, ana ce masa MIDI. Mutum biyu aka fi ambata a kansa, Dave Smith na Amurka da Ikutaro Kakehashi wanda ya kafa kamfanin Roland na Japan. A wannan yaren, in ka danna maɓalli, ba sauti fiyano ke aika wa kwamfuta ba. Saƙo take aikawa: maɓalli kaza aka danna, da nauyi kaza. Nauyin nan lamba ce daga 1 zuwa 127. A manhajar FL Studio za ku ga an rubuta Velocity, masu manhajar Cubase ta Faransanci za su ga Vélocité. Ni nakan ce masa nauyin yatsa. Sandunan nan da ke tsaye a ƙasan allon da kuke jera bugu, kowace sanda nauyin bugu ɗaya ce. An fito da sabon MIDI a 2020 mai matakai fiye da dubu sittin da biyar, amma kayan da ke hannunmu a nan duk na 127 ne, kuma sun ishe mu.

To ta yaya fiyano ke sanin nauyin yatsanka? Ba sikeli ne da ita ba. Ƙarƙashin kowane maɓalli akwai roba mai ƴan kawuna biyu baƙaƙe, ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo. In maɓalli ya sauka, dogon ke fara taɓa allon wuta, sannan gajeren. Injin yana ƙirga ɗan lokacin da ke tsakaninsu. In tazarar gajera ce, ya ce an buga da ƙarfi. In ta yi tsawo, ya ce an lallaɓa. Sauri take aunawa, shi ya sa Turawa suka ba abin sunan gudu. Ku riƙe wannan, don yanzu zai yi mana amfani.

Wata shekara, cikin hunturu, ina aiki da wani yaro mai hannu sosai a wani ɗan sutudiyo. Waƙar biki muke haɗawa. Duk inda aka zo wani wuri sai sauti ɗaya ya yi kururuwa. Na ce masa, “Kai, sassauta hannunka.” Ya sake. Haka. Na yi masa faɗa har ransa ya ɓaci, ya ce, “Wallahi Yaya ban danna ba.” Sai da na buɗe sandunan na duba, na ga duk bugun da ya kai 127 maɓalli ɗaya ne, ko a farkon waƙa ko a ƙarshe. Na sa yatsa na taɓa shi kamar mai taɓa jariri, ya ba ni 127. Ƙura ce ta shiga ƙarƙashin robar. Kan farko ya daina taɓawa a kan lokaci, injin yana ganin kawunan biyu sun sauka tare, sai ya ɗauka an doka iya ƙarfi. Ranar na ba yaron haƙuri a gaban mutane, kuma tun daga nan ban sake zargin hannu ba sai na bincike maɓalli.

A ƙasarmu wannan shi ne ciwo na farko, kuma littattafan da aka rubuta a Turai ba su cika damuwa da shi ba, don ba su san iskar da ke tasowa daga arewa maso gabas ta cika mana ɗaki da jan gari ba. Gwajinsa ba wuya. Ka kunna ɗauka, ka bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya da yatsa guda, da nauyi guda, daga ƙasa har sama. Ka duba sandunan. Wadda ta yi zarra ko ta yi ƙasa sosai, maɓallinta ba shi da lafiya. Maganinsa a kwance fiyano, a ɗaga robar, a goge kawunan da allon da auduga da ɗan alkol mai tsabta, a bari ya bushe. Kada a kankare, kada a sa fetur, na ga wanda ya yi. In robar ta tsage, sai sabuwa, a yi saƙo Kano. Kuma don Allah a riƙa rufe fiyano da zane in an tashi. In an riga an ɗauki kiɗan, ba sai an sake ba: a FL Studio ko Cubase, ka riƙe Ctrl ka danna maɓallin a hoton fiyanon da ke gefen hagu, duk bugun da aka yi da shi zai zaɓu, ka sauke su su kaɗai, sauran ka ƙyale su.

Ciwo na biyu a hannu yake, wannan kam gaskiya ne. Yatsu biyar ba ɗaya suke ba. Babban yatsa jaki ne, duk inda ya sauka sai an ji. Autan yatsu da maƙwabcinsa raunana ne. Mai buga fiyano da bai yi atisaye ba, in ka duba sandunansa za ka iya faɗin yatsan da ya buga kowanne. Amma kafin a ɗora wa hannu laifi duka, a duba abin da ke tura shi. In janareta na ruri a bakin ƙofa kuma lasifikarka na ƙasa-ƙasa, dole ka doki maɓalli don ka ji kanka. In kwamfuta na jinkirin amsawa, ka danna sai bayan ɗan lokaci sautin ya fito, hannu yakan ƙara ƙarfi da kansa, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ba a buɗe ba. Wannan jinkirin a saitin sauti na ASIO ake rage shi. Sannan ita kanta fiyano tana da wurin da ake faɗa mata irin hannun mai ita. A Yamaha sunansa Touch Response: akwai na mai laushin hannu, akwai matsakaici, akwai na mai nauyin hannu, akwai kuma wanda ke kashe jin nauyin gaba ɗaya. Da yawa cikinku kun shekara da fiyano ba ku taɓa shiga wurin ba. Minti biyu a can ya fi awa biyu ana jan sanduna. Tun ran gini ran zane.

Yanzu a ce maɓallai lafiya, saiti daidai, an ɗauka, kuma har yanzu akwai hawa da sauka. Ga yadda nake yi, kuma lissafin ɗan firamare ne. Mu ce bugu uku: 40, 80, 120. Tsakanin ƙarami da babba 80 ne, ya yi yawa. Ka raba kowanne biyu: 20, 40, 60. Yanzu duk sun yi rauni, sai ka ƙara wa kowanne 50: 70, 90, 110. Ku duba abin da ya faru. Tazarar ta dawo 40. Ƙaramin ya fito fili, babban ya sauko, amma har yanzu ƙarami shi ne ƙarami, babba shi ne babba. Ba a ƙwace wa kowa matsayinsa ba, an dai matso da su kusa. A FL Studio ka zaɓi bugun ka danna Alt da X, akwatin da zai fito akwai wurin ninkawa da wurin ƙarawa. A Cubase yana cikin ayyukan MIDI, wurin matsewa da buɗawa, kuma akwai wanda ake sa wa layin gaba ɗaya ba tare da an taɓa asalin abin da aka buga ba, wanda na fi so, don in ka yi nadama kana iya komawa.

Abu ɗaya: kafin ka matse, ka fara kama ɓarayin da hannu. A kowace ɗauka akwai bugu biyar ko shida da suka kauce don kuskure tsagwaro, yatsa ya zame ko ya goga maɓallin kusa. Su ka gyara ɗaya-ɗaya. In ka bar su, su za su sa ka matse waƙar duka fiye da kima saboda laifin ƴan kaɗan.

Me ya sa ba za a mai da su duka 100 a huta ba? FL Studio ma ai 100 yake ba duk bugun da ka zana da linzami. Dalili na farko na inji ne. Lambar nan ba ƙara kaɗai take juyawa ba. Masu haɗa sautukan fiyano da jita da ganga sukan ɗauki kowane sauti sau da yawa, na lallaɓawa daban, na tsakiya daban, na dokawa daban, su jera su bisa lambobin. In ka ɗaga bugu daga 50 zuwa 110, ba murya ka ƙara masa ba kawai, wani sautin ka kira, mai kaifi, mai haske. Shi ya sa wani lokaci kana daidaitawa sai ka ji kiɗan ya yi tsami, ka rasa dalili. Kuma matakan ba a miƙe suke ba: a ƙa'idar da injuna da yawa ke bi, 64 ba rabin 127 yake bayarwa ba, wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne na ƙarfin siginar. Don haka ido na iya ce maka sandunan sun yi kusa, kunne ya ce ƙarya ne. Kunne ake bi.

Dalili na biyu shi ne wanda na ce zan nemi shaidar dattawa. Wata rana na gama haɗa wani kiɗa, na jere komai, lokaci daidai, nauyi daidai, ina alfahari. Akwai wani tsoho makaɗin kalangu da ke zuwa shan shayi wurinmu. Na kunna masa. Ya saurara har ƙarshe, ya ajiye kofi, ya ce, “Ɗana, wannan makaɗin naka ba ya numfashi ne?” Ban sami amsa ba. Baba da ke zaune a nan gaba ya san abin da tsohon ke nufi. Mai kalangu ba ya ba bugu biyu nauyi ɗaya. Akwai wanda yake dasawa, akwai wanda yake ratsawa da shi kamar ba ya so a ji, kuma waɗannan ƙananan su ne ke sa ƙafa ta motsa. Ku koma ku saurari makaɗan Mamman Shata, ku bar muryar, ku bi kalangan kawai. Ko kuntigin Ɗan Maraya Jos, tsirkiya ɗaya tal, amma ba za ka ji ta gundure ka ba, don hannun ba ya maimaita kansa. Ko gurumin Malam Mamman Barka, Allah ya jiƙansu duka. In da za a mai da bugunsu sanduna a kwamfuta, da kun ga tudu da kwari, kuma ba kuskure ko ɗaya a ciki.

Harshenmu ma haka yake tafiya. Ku ce Damagaram: gaɓa uku masu sauƙi suna gudu, ta huɗu ta zauna. Ku ce Dungas: biyu ne, duka masu nauyi. Mawaƙin Hausa a kan wannan awon yake ɗora baitinsa, kuma fiyanon da ke bin muryarsa ko yake amsa masa, in yana da kunne, zai jingina inda gaɓar ta zauna, ya sassauta inda take gudu. Mai bugun ba ya ma sanin yana yi, Hausar da ke bakinsa ce ke sauka a yatsunsa. Ran da ka mai da komai 100, wannan ka goge. Garin neman gira an rasa ido.

Na san akwai mai shirin tambaya a can baya, bari in riga shi. Zai ce, to Mamman Sani fa? Gaskiyarka. Mamman Sani Abdullahi ya ɗauki kiɗansa a Yamai a 1978 da ogan na lantarki ƙirar Italiya, kiɗan da rediyo da talabijin na ƙasar nan suka yi shekaru suna sakawa tsakanin shirye-shirye, har wani kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya sake fitar da shi a 2013 duniya ta ji. Ogan irin na wancan zamani ba ya jin nauyin yatsa ko kaɗan. Amma ku saurare shi da kyau. Da ya san kayansa ba su da wannan ƙofar, sai ya bi ta wata: tsawon sauti da gajartarsa, ƴan kwalliyar da yake ratsawa, wurin da yake ɗaga yatsa ya bar iska. Ya san abin da ya rasa, ya biya shi da wani abu. Wannan daban yake da wanda Allah ya ba hannu mai magana, sannan ya sa linzami ya toshe masa baki. Kuma ban ce kai ɗaya haramun ne ba. Sautin ogan, da bes na lantarki mai riƙe gindin waƙa, da babbar gangar da ke taka lokaci a kiɗan rawa, waɗannan sau da yawa kai ɗaya ya fi musu, ko kusa da haka. Fiyano da jita da ƙananan ganguna da kacau-kacau su ne ba sa yafewa.

Nawa za a matse? Ya danganta da inda waƙar za ta. Kiɗan fiyanon da muka gada ya taso ne daga sutudiyoyin Kano a shekarun 1990, irin su Iyan-Tama, lokacin da Yamaha ta maye gurbin makaɗa a finafinai, har fim ɗin Sangaya ya zo ya buɗe kasuwar. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu mai yawa a kan wannan. Tun daga lokacin, kiɗan nan ba don ɗakin shiru ake yin sa ba. Namu ma haka. Za a tura shi daga salula zuwa salula, a saka shi a katin mimori, a ji shi a kan babur, a shagon mai caji, a motar da ke zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis, a lasifikar biki da yara ke ihu a gabanta. A irin waɗannan wurare bugun da ke ƙasa da 50 sau da yawa ya mutu. Don haka ni, a fiyanon da ke rakiyar murya, nakan tara yawancin bugun tsakanin 70 da 105, in bar sama da haka don wurin da nake so waƙa ta tashi. Wannan awona ne, ba aya ba ce, kuma yana sauyawa da irin sautin. Abin da ba na sauyawa shi ne gwaji: kafin in sallami mawaƙi, sai na tura waƙar a ƙaramar salula, na fita waje bakin hanya na saurara. Kuma kada ku daidaita fiyano ita kaɗai. Ku kunna ta tare da murya da ganga, don bugun da ya yi kamar ya yi yawa shi kaɗai, cikin taro wataƙila shi ne daidai.

Hattara da maɓallin da ke watsa lambobi barkatai, wanda ake cewa yana sa kiɗa ya yi kamar na mutum. Mutum ba barkatai yake bugawa ba. Kaɗan dai, uku ko biyar sama da ƙasa, a kan abin da aka zana da linzami, ba laifi. Fiye da haka maye ne.

Sautuka masu ja, sarewa da goge da algaita, nasu daban ne. Nauyin yatsa farkon sautin kawai yake yankewa, abin da ya biyo baya ba ruwansa. Wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Damagaram ya ji mai algaita yana cika kumatu, sautin na kumbura yana sacewa ba tare da ya yanke ba, ya san ba a farkon busa rai yake ba. Wannan da layi na 11 na MIDI ake zana shi, wanda ake kira Expression, ko a taka feda in fiyanon na da ita. Layi na 7 kuma na ƙarar kayan gaba ɗaya ne, a saita shi sau ɗaya a bar shi.

Saura waɗanda ke ɗaukar sauti kai tsaye, su zaro waya daga bayan fiyano su cusa a kwamfuta. Na san ku ne kuka fi yawa a nan, don sautukan Yamaha sun fi muku daɗi, kuma ban ga laifinku ba. Amma ku sani in kun yi haka babu sanduna, an riga an dama furar. Abin da ya rage sai kwamfaresa, ko ka bi da hannu kana rage ƙara wuri-wuri, kuma ko ka rage ƙarar bugun da aka doka, kaifinsa na nan. Hanyar da ta fi, in fiyanonka na da ramin USB na haɗawa da kwamfuta ko ramukan MIDI masu ido biyar: ka ɗauki saƙon tukuna, ka gyara sandunan, sannan ka mayar wa fiyano ta buga da sautinta, ka ɗauki wannan. Waya ɗaya ce ta raba ka da wannan, kuɗinta bai kai na man janaretan da kake ƙonawa wurin sake ɗauka sau goma ba.

An ce mini fiyanon da aka kawo mana yau akwai maɓalli biyu a cikinta da ke kururuwa tun bara. Madalla, ita muke so. Ƙanena mai jar hula, taimaka ka matso da teburin nan tsakiya, wani ya ba mu sukurdireba ƙarami da faranti na zuba kusoshi, kada ɗaya ta faɗa cikin rairayi. Waɗanda ke baya ku matso ku ga robar da idonku. Tambayoyi sai mun rufe ta, in an yi la'asar.